Ciwon da Na Ƙirƙira Saboda Madarar Kwali

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da leda ta tona mini asiri a ƙofar gidana ba, kuma a gaban mutum biyun da na fi jin nauyi a duk faɗin Daura. Har yau in na tuna sai in rufe fuska ni kaɗai a ɗaki.

Inna Dudu gadonta na yi. Bafulatana ce daga wata ruga ta wajen hanyar Dutsi, kuma ita ke kai wa Hajiya, mahaifiyar maigidana, nono tun yana rarrafe. Da aka kawo ni, Hajiya ta nuna mata ƙofata kawai, shi kenan magana ta ƙare. Kullum da safe sai ka ji sallamarta, ga ƙwarya fes a kan gammo an rufe da faifai. Kindirmonta kuwa, ko babu fura ka sha ka ƙoshi. Ran Juma'a har curin man shanu take ɗora mini, ta ce na miya ne. Damina da rani ban taɓa ganin matar nan ta yi fashi ba.

Abu ɗaya ne matsalata da ita, gaisuwa. Ni malamar makaranta ce, ina sauri, ita kuwa sai ta tambayi iyayena da ke Mashi, ta tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi maigida da ke aiki Katsina sai ƙarshen mako yake zuwa. Ina amsawa ina satar kallon agogo.

Ana nan aka buɗe wani babban kanti irin na zamani, wanda za ka shiga sanyi na busa ka, kana tura kwando kana zaɓar kaya da kanka. Wata abokiyar aikina ta cika mini kunne da zancen ƙwayoyin cuta, wai wayayyu yanzu madarar kwali suke sha. Ni kuma ba a bar ni a baya ba wajen son a ce na waye. Na shiga na jido kwalaye masu hoton wata ƙatuwar saniya baƙi da fari, na jera a firji ina jin kaina wata Hajiyar Abuja. Gaskiya tana da sauƙi: ba ta saurin lalacewa, kuma ba ta tambayar lafiyar kowa. (Ɗanɗanonta dai kamar ruwan da ya taɓa gaisawa da saniya, amma lokacin ko yanka ni za a yi ba zan yarda ba.)

Sauran aiki, yaya zan gaya wa Inna Dudu? Ta ina zan dubi tsabar idon matar da ta girmi uwata in ce na daina sayen nononta? Na kwana ina saƙawa ina kwancewa. Da safe ta yi sallama ta sauke ƙwarya, sai na marairaice fuska na dafe ciki.

"Inna, likita ya hana ni shan nono. Ya ce cikina ba ya so."

Na ɗauka za ta ce Allah ya sauwaƙe ta yi gaba. Ina! Ta rufe ƙwaryarta, ta kama hannuna ta duba tafin, ta ja fatar idona ta leƙa. "Wayyo ɗiyata, shi ya sa na ga kin faɗa." (Ni da zanena ya fara yi mini kaɗan.)

Washegari da safe sai ga sallama. Ba nono ta kawo ba, dubiya ta zo. Jibi ma haka. Ta kawo mini ƙwan zabi a ƙunshe cikin tsumma, ta kawo wani sassaƙe ta ce in jiƙa in sha kafin karin kumallo, ta tsaya a kaina sai da na kurɓa. Ɗacinsa har yau yana maƙogwarona. Gaisuwar da nake gudu ta ninka, domin yanzu an ƙara da "ya jiki" da addu'a. Kuma da yake gida-gida take bi, kafin mako ya zagayo duk unguwa ta san ba ni da lafiya. Maƙwabta suna shigowa, ni kuma ina ɗaura ɗankwali a goshi ina amsawa da ƙaramar murya. Hajiya kuwa ta yi wa ciwon tata fassarar, ta aiko mini da tsamiya da goruba, in mun haɗu tana murmushi tana kallon cikina.

Maigida da na gaya masa ta waya, dariya ya yi har da tari. Ya ce, "Ramin ƙarya ƙurarre ne, Malama. Ki faɗa mata gaskiya tun da sauran mutunci." Na ce masa gobe. Goben nan ta yi ta ja da baya.

Rannan na taso daga makaranta na biya kanti, domin madarata ta ƙare. Na cika leda da kwalaye, na hau adaidaita sahu. Muna shan kwanar layinmu gabana ya faɗi. Ga Hajiya a tsaye a ƙofar gida, ga Inna Dudu a gefenta da ƙwaryarta. Ashe ta sayar da nononta a kasuwa, ta biya ta ɗauko Hajiya, wai su zo su matsa mini a kai ni babban asibiti tunda jikin ya ƙi.

Na sauko ina ɓoye ledar a cikin hijabi. Inna Dudu ta yi wuf ta taho. "Haba ɗiyata, marar lafiya da ɗaukar kaya? Kawo nan." Na riƙe, ta ja. Na ce ba nauyi, ta ce ai ko ba nauyi. Leda kuwa ta ce ba da ita ba, ta yage tun daga sama har ƙasa.

Kwalaye suka watse a ƙasa. Ɗaya ya fashe, madara ta malala fara sol har gaban takalmin Hajiya. Sauran suka kwanta rigingine, kowanne da saniyarsa tana kallon sama. Ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya san abin da ke ciki. Mai adaidaita ma sai da ya kashe inji don kada a ba shi labari.

Hajiya ta dubi madarar, ta dubi cikina, murmushin nan ya ɗauke. Ta ce, "To. Ashe likitan a kanti yake zama."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Inna Dudu ta sauke ƙwaryarta. Ta durƙusa ta tsince kwalayen, tana goge ƙurar kowanne da bakin zanenta, ta jera mini su a hannu. Ta ɗan tsaya tana kallon saniyar da ke jikin na ƙarshe, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ashe kin warke. Alhamdu lillahi."

Ta aza ƙwaryarta ta yi mana sallama. Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Na tabbata na rasa ta ke nan, kuma sai a lokacin na san ba nonon kaɗai zan rasa ba. Da safe na zauna a tsakar gida na kasa ko sa takalmi. Can sai na ji sallamar nan. Na fita da gudu na durƙusa, na fara kame-kame ina haɗa haƙuri da rantsuwa. Ta bar ni na gama, ta sauke ƙwarya.

"Ɗiyata, da kin ce kin gaji da nonona, in yi fushin kwana biyu in huce, ai ba a kanki aka fara ba. Amma ciwon nan naki ni ya hana barci. Tashi ki miƙo kwano."

Na miƙo kwano ina share hawaye. Ta cika shi, ta tambayi mutanen Mashi ɗaya bayan ɗaya, na amsa mata a tsanake, na kuma makara a makaranta.

Har yanzu nakan sayi ta kwali saboda shayi, kuma a fili nake shigowa da ita. Abin da na koya dai shi ne, in har ƙarya ta kama ka dole, kada ka yi wa mai ƙaunarka ta ciwo. Kai kana kwance lafiya lau, shi yana can yana jinya.