Ranar da Na Toshe Tallar Yaya Rabi

Ranar da na haɗa 'yar na'urar toshe talla a intanet ɗin gidanmu na Kazaure, har tafiyata sai da ta sauya. Na tara mutanen gida na ce daga yau babu wayar da za ta ƙara ganin talla.

Ashe Yaya Rabi ta sa tallar turaren wutarta a wani shafin labarai. Da ƙawayenta na Roni suka zo, ta buɗe shafin tana fariya, sai ga wurin wayam. Ɗaya ta ce, "Rabi, ko a mafarki kika sa?"

Yaya ta juyo ta dube ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Har yau ko wuta aka ɗauke, Hajiyarmu cewa take, "Injiniya, ita ma ka toshe ta ne?"