Yadda Za Ka Hana Mutum-mutumi Cinye Maka Aiki

Ko agogon wayata 'yata ce ke saita min, amma wannan bai hana ni zama masanin injuna ba. Na tsufa a masana'antar haɗa motoci a garin Kariega, kuma na ga yadda abokina Mawethu, mai ɗaure notin ƙofofi, ya kare abincin 'ya'yansa. Bi sawunsa, na lamunce maka.

1. San wanda za ka ji tsoro

Iri biyu ne. Akwai ƙaton da ke walda a cikin keji. Rabu da shi, ya riga ya ƙoshi da masu walda. Ɗan siririn nan mai hannu ɗaya shi ne matsala. Ba a sa shi a keji, a gefenka ake dasa shi, manaja ya ce abokin aikinka ne. Abokin aikin da ba ya zagayawa, bai shiga ƙungiyar ma'aikata ba, kuma kakarsa ba ta taɓa rasuwa ranar Juma'a ba.

2. Koya masa, amma da tarbiyyarka

Wannan ba ya iya komai sai an kama hannunsa an nuna masa, daga nan ya yi ta maimaitawa har abada. Foman ɗinmu, Oom Fanie, ya zaɓi Mawethu, wai karramawa ce. Mawethu ya yi godiya, ya kama hannun, ya koya masa komai: ɗaure noti, tsayawa a yi tunani, da miƙa hannu hagu inda ledar magwinyarsa, wato fankensa, take. Har yau injin yana gama kowace ƙofa ya laluba iska, ya dawo ba ko loma.

3. Goga masa kafaɗa

An ƙera shi ya tsaya cak da zarar ya taɓa mutum. Kada ka bar wannan ladabi ya tafi a banza. Ka wuce ka goge shi, ka dawo ka goge shi.

Oom Fanie ya gaji ya ce, "Mawethu, kai da injin nan in kai muku sadaki ne?"

"Oom, shi ke bi na. Ni ina da iyali."

4. In an ɗauke wuta, fito fili

Yana sandarewa, kai kuwa ka ɗauki sifana, ka ja waƙa, ka tabbatar manaja na kallo. Amma kada ka zaƙe. Mawethu ya zaƙe, aka sayo janareto.

5. Jira sakamako

Manaja ya sauko da kansa, ya tsaya yana kallon injin yana tunani yana lalubar iska. Ya ce a gaskiya wannan ba zai iya aikin shi kaɗai ba, yana buƙatar mataimaki. Mawethu ya gyara kwala, ya ƙifta min ido.

Aka kawo inji na biyu. Da aka auna, wurin da zai zauna daidai inda ƙafafun Mawethu suke.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi shawarar nan aka sallame shi, kada ya zo min gida. Ban san shi ba, kuma karena ba ya tsayawa in ya taɓa mutum. Injin na biyun ni aka ba in koya masa, kuma na koya masa da kyau.