Guɗar da Ta Makara a Hanya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so, da ɗaurin auren Nura, ɗan yayata Asabe. A Kano aka ɗaura, ni kuwa ina falona a unguwar Ƙurban ta Madina (ni da ko unguwar Sultana ta nan cikin gari sai an ja ni). Aka haɗa mu a kiran bidiyo, mu na Madina da dangin Yamai. Can Kano kuma aka jona wayar da lasifikar ƙofar gida, don a ji amin ɗinmu.

Na tara maƙwabta, na dafa shayi. Sai shabaka, wato intanet, ta fara halinta: hoto na gaba, murya na biye da nisa. Bakin liman ya rufe, amma muryarsa na ta zuba.

Hajiya Balki ta taɓa ni. "Usburi, yi haƙuri, Maman Hanan, bakinsa da maganarsa ba tare suke ba."

Na ce, "Hajiya, ni da kunne nake aiki. Hoto ai na yara ne."

A hoton na ga maza sun sunkuyar da kai, wani na share ido. Na ce a raina daɗi ne. Kunnena kuwa ya ji "An ɗaura!" Na toshe hanci, na rangaɗa guɗa har uku (ta ukun ma na ƙara mata kwana).

Ashe an ɗaura tun ɗazu. Lokacin da guɗata ta fito ta lasifika, liman na tsakiyar yi wa Malam Sule addu'a, mahaifin ango, wanda ya rasu bara.

Wallahi shayin nan bai shawu ba. Me Yaya za ta ce? An ambaci mijinta, ƙanwarta ta yi guɗa, dangin amarya na ji! Kwana biyu ina kallon jawwal, wayata, kamar maciji.

Ran na uku ta kira. Na fara, "Yaya, don girman Allah…"

"Rufe min baki, sarkin guɗa! Ina cikin gida kuka ya taso min, ina neman ɓata wa yaro rana, sai ga ki kamar jiniya. Ni da uwar amarya har muka riƙe ciki. Malam ma da yana nan, shi zai fara dariya."

Sai a lokacin na ajiye numfashi.

Yanzu in an haɗa mu, sai na ga baki ya yi daidai da murya, na tambayi Balki, sannan in ce amin a hankali.