Kududdufin Renon 'Ya'yan Kifi

A wani daji mai yawan fadama akwai wani tafki, a cikinsa kuwa akwai wasu ƙananan kifaye da ba sa saka ƙwai kamar sauran dangi, haihuwa suke yi. Ɗa yana faɗowa, bai fi ƙwayar gero ba, sai ya kama iyo. Sai dai duk bakin da ke tafkin ya fi shi girma, yunwa kuwa ba ta tambayar ɗan wane ne. Wanda ya yi sa'a shi ke shigewa cikin gansakuka da saiwar bado, ya ɓuya har ya yi ƙwari. Da 'yan tsirarun nan zuri'a take ɗorewa.

Cikin iyayen akwai Tabawa, wadda ta sha haihuwa amma ba ta da ɗan nunawa. Da abin ya ishe ta, ta kai kuka majalisar tafki, gaban shugabanta, wani dattijon tarwaɗa mai suna Jatau.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "ba abu mai yawa muke roƙo ba. Akwai ɗan kududdufi a gefen gabas, ba zurfi, rana na ɗumama shi, ga ciyawa ta cika shi. A toshe bakinsa da tsakuwa, a bar 'yar kafa wadda sai jariri ke iya bi. Mu haihu a ƙofar, su shige. In sun fi ƙarfin haɗiya, sai a sake su."

Majalisa ta yi na'am, har aka ce sunanta za a sa wa wurin. Daga nan kowa ya kawo nasa gyaran. Kwaɗo ya ce abin kunya ne baƙi su zo daga kogi su tarar ana renon manyan gobe cikin shara, aka tuge ciyawar kaf. Ƙaguwa, da aka ba aikin ƙofa, ta ce kafar da dattijo ba zai iya bi ya duba jikokinsa ba raini ce, ta buɗa ta sosai. A kan mai gadi aka fi daɗewa. Tarwaɗu suka ce ba su yarda da karfasa ba, karfasa suka ce ba su yarda da tarwaɗu ba, kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Aka daidaita a kan Zalɓe, tunda ba shi da dangi a ruwa, ga shi da haƙurin tsayuwa.

Tabawa ta ga duk wannan, ta hango haɗarin. Amma roƙonta ne, ga suna an sa, sai ta haɗiye maganar. Ita ce ma ta bi iyaye ɗaya bayan ɗaya tana lallashi su fito da 'ya'yansu daga maɓoya. Maƙwabciyarta Kande ta yi ta jan jiki, sai da Tabawa ta ce ta ɗora abin a wuyanta.

Ranar buɗewa, da hantsi, ga jarirai nan tare wuri guda cikin ruwa garau, ba ko karan da za su raɓa. Dattawa suka shiga dubawa, babba kafin ƙarami. Kowa ya fito shiru, ciki ya ɗan yi nauyi. Abin da ya saura Zalɓe ya kwashe, wai don rage cunkoso.

Kande ta haɗu da Tabawa a hanya. Ta wuce ta gefenta kawai, kamar ba su taɓa sanin juna ba, wannan kuwa ya fi wa Tabawa zagi ciwo. A da ana rasa da yawa a tsira da kaɗan. Bana ko kaɗan ɗin babu. Garin neman gira an rasa ido.

Tabawa ta koma majalisa, murya ƙasa-ƙasa, ta roƙi ko ciyawar a mayar.

Jatau ya shafa gashin bakinsa ya ce, "'Yata, mun ji zafin abin, kowa a nan ya ɗanɗana. Amma ba a rushe aikin jama'a don ɓacin ran mutum ɗaya. Wuri ya yi tsabta, baƙi sun yaba. Ki yi haƙuri, ki gaya wa mata haihuwa ta gaba su zo da wuri."

Aka tashi taro bayan an ƙara wa Zalɓe wa'adi, ganin cewa tun da ya kama aiki, babu ɗa ko ɗaya da ya kawo ƙararsa.