Ƙudaje Goma Sha Ɗaya a Wasiƙar Kawu

Zan iya manta ranar ɗaurin aurena (uwargida ta ce ai na riga na manta), amma ba zan taɓa mantawa da ranar da Kawu Ɗanlami ya kawo wa tafiretata likita ba.

Zamanin shugaban ƙasarmu Ahidjo ne, bayan an haɗe ɓangaren masu Faransanci da na masu Ingilishi, Yawunde ta cika da ma'aikata 'yan Bamenda masu jin Ingilishi. Ni kuma ina da teburi a rumfar wani tela a unguwar Briketeri, ina buga wa mutane wasiƙu. Faransancina ba laifi, na yi lekol, wato makarantar boko ta Faransanci. Ingilishi kuwa daga wani tsohon littafi na koye shi, wanda gara ta riga ni karance rabinsa. Da yake babu mai gyara mini a unguwa, sai aka sa mini suna Bature. Na amsa. Har tabarau na saya, wanda bai ƙara mini gani ko na ƙwayar gero ba.

Manyan kalmomi ba su taɓa ba ni tsoro ba, ƙanana ne suka hana ni sakat. A Ingilishi, kalmar da ke faɗin halin mutum, irin su "grateful" da "interested" da "proud", ba ta son fita ita kaɗai, sai da 'yar rakiya: "in", ko "at", ko "of", ko "to", ko "for". Kowace da tata, in ka haɗa ta da ta wata an yi ɓatacciya. Babin da ya yi bayaninsu kuwa, shi gara ta fi jin daɗinsa.

Sai na ƙirƙiro dabara. Duk inda na iso wurin 'yar rakiya, sai na buga ɗaya, na dawo da injin baya na buga wata a kanta, na ƙara wata, na ƙara wata, har wurin ya zama baƙin tabo kamar an murƙushe ƙuda. Hujjata ita ce amsar tana ciki, mai karatu ya zaɓi wadda ta yi masa. (Har gobe ina ganin akwai adalci a wannan tsari.)

Kawu Ɗanlami ƙanin mahaifiyata ne, mahauci, kuma shi ya saya mini tafiretar. Yana neman a ba shi aikin kai nama wata makarantar kwana da shugabanta ɗan Bamenda ne. Na ce mu rubuta da Faransanci, ya ce, "A'a. Rubuta masa da harshen uwarsa, ya san muna da Bature a gida."

Wasiƙar neman aiki kuwa duk godiya ce da yabon kai, wato matattarar irin kalmomin nan. Na gama na ƙirga ƙudaje goma sha ɗaya. Huɗu daga ciki sun huda takardar.

Bayan kwana uku ta dawo da saƙo: ba ta karantuwa, a aiko wata kafin Juma'a, in ba haka ba a ba wani mahaucin. Kawu ya ɗaga takardar sama, rana ta ratso ta ta sauka a goshinsa.

"Ɗan nan, wasiƙa na sa ka ko rariya?"

"Kawu, injin ne," na ce ba ko ƙifta ido. "Ƙirar Faransa ne. Da ya ji Ingilishi sai haƙoransa su cije."

Ya gyaɗa kai ya tafi, na ɗauka na sha. Na manta Kawu mutum ne da ko wuƙa ba ya bari ta kwana ba a wasa ba.

Washegari bayan La'asar, rumfa ta cika maƙil, ga tela, ga mahauta sun tashi daga aiki, ga dattawan da suka fito masallaci, sai tasi ta tsaya. Kawu ya fito da wani siririn mutum mai 'yar jaka.

"Ga Mista Ngwa, shi ke gyara injinan ofisoshin gwamnati. Yau haƙoran nan za su saki."

Mutumin ya gaishe mu da Hausa tsaf, ashe kusa da unguwar Hausawa ya tashi a Bamenda.

Ya buɗe injin, ya hura, ya ɗiga mai, ya buga layi uku na Ingilishi sumul. Sannan ya ce in ba shi kwafin tsofaffin wasiƙu. Ya jera su a teburin yankan tela, yana bin ƙudajen da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Alhaji, injin nan mai ilimi ne," ya ce wa Kawu. "Bai taɓa ciwo a Faransanci ba. A Ingilishin ma zaɓen wuri yake yi." Ya juyo gare ni. "Malam Bature, zauna ka buga, ina so in ga ciwon da idona."

Na zauna. Na gyara tabarau. Ya ce in buga "I am grateful", na buga da ƙarfi kamar mai harbin bindiga.

"Ci gaba, ka ce ga shugaban makaranta."

Yatsana ya tsaya a sama kamar shirwa ta rasa ɗan tsako. Tela ya tsayar da kekensa. Na yi niyyar yin tari, tarin ya ƙi zuwa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne hannuna bai yi shawara da ni ba: ƙwas ƙwas, ya dawo baya, ƙwas ƙwas, ya sake dawowa. Kafin in ankara, ga ƙuda sabo fil a gaban shaidu sun fi ashirin.

"To, na ga ciwon," in ji Mista Ngwa.

Kawu ya leƙa cikin injin. "A wane haƙorin yake?"

"Ba a ciki yake ba, Alhaji. Ga shi nan zaune a kujera da tabarau."

Wani dattijo ya yi dariya har goro ya sarƙe shi, sai da aka bubbuga masa baya. Kawu bai yi dariya ba. Kallona kawai ya yi irin kallon da yake wa saniyar da aka cika wa ciki da ruwa kafin a kawo ta kasuwa.

Mista Ngwa dai mutumin kirki ne. Ya ja kujera ya ce kalmomin nan babu wata doka da za ta cece ka, haddace kowace ake yi tare da 'yar rakiyarta, su ma a Bamenda sun sha bulala a kansu a makaranta. Godiya ga mutum "to" ce, godiya a kan abu "for". Kafin Magariba mun buga wasiƙa ba ko ƙuda ɗaya, Kawu ya kai ta da hannunsa, aka kuma ba shi aikin. Wata guda malamin yana zuwa yana koya mini kalmomi biyar biyar, Kawu yana sallamarsa da tsire, ni da harara.

Sunana kuwa ya samu 'yar rakiya shi ma. Har yau tsofaffin Briketeri Bature Mai Ƙuda suke ce mini, jikokina suna zaton kiwon ƙudaje na taɓa yi.

Abin da na koya: faɗin "ban sani ba" ya fi arha. In kuma dole sai ka ɗora wa wani abu laifinka, to ka zaɓi wanda ba shi da mai gyara.