Rasuwar Shaho, Jirgin Baba Mai Agogo

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, Baba Mai Agogo yana sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan fili rasuwar ɗan ƙaramin jirgin samansa na wasa, Shaho, wanda ya kwanta dama ranar Asabar da hantsi a filin ƙwallon bayan makaranta, bayan gajeriyar jinya da ba ta kai daƙiƙa huɗu ba. Ya rasu yana da shekara shida.

An haifi marigayin a kan teburin cin abinci, abin da Mama, maiɗakin Baba, ta daɗe tana mita a kai. Wata bakwai Baba yana fere siraran katako da reza, yana liƙa haƙarƙarin fiffike ɗaya bayan ɗaya, sannan ya lulluɓe su da takarda shara-shara. A lokacin hannunsa ya riga ya fara rawa, har ya rufe shagon gyaran agogo don ƙananan sukurori sun daina jin maganarsa. Bai faɗa wa kowa ba, amma ya san Shaho ne autan jiragen da zai ƙera.

Marigayi mai ladabi ne. Bai taɓa nisa da ubangidansa fiye da tsawon wayoyi biyun da ke ɗaure a fiffikensa ba. Baba na tsakiyar fili riƙe da mariƙin wayoyin yana juyawa, Shaho na kewaya shi. A ɗaga hannu ya yi sama, a sauke ya yi ƙasa, ba musu. Nauyinsa bai kai na burodi ba, cokali uku na mai ya ishe shi. Aibinsa ɗaya, baki. In ya fara “wiiiiii” sai karnukan unguwa sun amsa, in mai ya ƙare ya ce “fut, fut”, ya sauko kan ciyawa sumui-sumui kamar ba shi ba.

Ranar da ajali ya yi kira an tashi da sanyi mai ratsa ƙashi irin na wannan ƙasar waje da muke zaune, raɓa ta daskare a kan ciyawa. Injin ma sai da Baba ya ɗumama shi a ƙirjinsa kafin ya yarda ya tashi. Mama ce mai riƙe wutsiyar jirgi ta sake shi, shekara da shekaru, kuma ranar ta kafe. “Malam, dubi yatsunka, sun ƙage. Ka sa safar hannu ko mu koma gida.” Ya sa.

To, a saman mariƙin akwai 'yar tsaga da Baba ya yi da wuƙa. Da babban yatsa yake lalubarta ya gane sama da ƙasa, shekara talatin, tun jiragensa na farko, bai taɓa dubawa da ido ba. Ta cikin safar ulu yatsa bai ji komai ba, sai ya riƙe mariƙin a kife. Mama ta saki. Baba ya ɗaga hannu don a yi sama, Shaho bawan Allah ya bi abin da waya ta gaya masa, ya kafa hanci a ƙasar da sanyi ya mayar dutse. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce “ƙaras”.

Ya rasu ya bar inji mai karyayyiyar farfela, taya ɗaya, rabin kwalbar mai, da wayoyi biyu a cukurkuɗe. Ya bar Mama tana cewa ita ta kashe shi, Baba yana cewa shi ne, kowa na jan laifin zuwa kansa. Ranar Lahadi Baba ya zauna da gam da gutsattsarin. Awa biyu yana fama ya haɗa haƙarƙari biyu kacal, suka ƙi tsayuwa, gam ya bushe masa a yatsu. Abin tausayi, wallahi. Ya tashi ya kwashe komai ba tare da an ce masa ba.

An shirya gawar a cikin kwalin takalmi. Za a kai ta makwancinta a saman kabad ranar Laraba bayan la'asar, surukin Baba ne zai hau kujera ya ajiye. Za a zauna karɓar gaisuwa a falo, akwai shayi. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo katako ko gam. Kuma don girman Allah kada wani ya dafa kafaɗar Baba ya ce ai zai ƙera wani. Baba mutum ne mai kunya, zai amsa da “in sha Allahu”, sannan ya tura hannayensa cikin aljihu.