Rasuwar Ƙunshi, Mai Ɗaure Bayanai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ba ta saba yawan magana ba, mai teburin bakin taga yake sanar da abokan aiki rasuwar Ƙunshi. Ya cika ranar Litinin da hantsi, a ɗakin taro, yana da shekara huɗu da wata biyu.

Ga wanda bai san marigayin ba: ɗan laburare ne na manhaja, wato guntun shirin kwamfuta da babbar manhaja take dogara da shi, layi dubu ɗaya da ɗari uku. Ofishin nan yana yi wa ƙananan asibitoci manhajar lura da firjin allurar rigakafi. Kowace safiya mai kula da firji zai rubuta sanyinsa a waya. Ƙunshi ne yake tattara abin da aka rubuta, ya ɗaure shi tamau, ya miƙa ta layin waya komai rauninsa, sannan ya kwance shi a kwamfutar ofis kamar yadda aka ba shi. Aikinsa ke nan. Bai taɓa neman wani ba.

An haife shi a kan tsohuwar kwamfutar da harafin "k" ɗinta sai an danna da ƙarfi. Wanda ya rene shi, mai teburin nan, iyakarsa sakandare, a hannun yayansa ya koyi rubuta manhaja kafin yayan ya bar ƙasar. A ofis kowa yana da takardar shaidar karatu a bango. Shi kuwa Ƙunshi kawai yake da shi.

Marigayi ba mai surutu ba ne. Kalma uku aka san shi da su. In ya ɗaure, ya ce, "An ƙunshe." In saƙo ya iso, ya ce wa wayar da ta turo, "An karɓa." In aka ba shi shirme, ya ce, "Ban gane ba," ya yi shiru, ba ya ƙarin bayani. Anti mai gwaji takan ce halin ubangidansa ya ɗauko. Saboda wannan shirun ne mutane suke tasowa har bakin taga su ja kujera su tambayi abin da yake nufi. Wani ya zo da shayinsa, wani ya zauna har a yi hira. Mai teburin bai taɓa gaya wa kowa cewa yana jin daɗin hakan ba.

Ciwon ajalinsa da shi aka haife shi. Ƙunshi ba ya rubuta sunan komai, jeri kawai ya sani: na farko lambar firji, na biyu sanyi, na uku lokaci, na huɗu akwatin ƙarin bayani. Tun yana jariri Yaya ya ce a sa masa lamba a goshi, gurbin harafi ɗaya tak, don duk ranar da jerin ya canza a bambance tsohon ƙunshi da sabo. Mai teburin ya ce ɓarna ce, jerin ba zai canza ba. Wannan magana tasa ce, ba ta kowa ba.

Wancan makon Injiniya, ɗaya daga cikin abokan aiki, ya saka sabon abu a jerin, ƙarfin batir, ya kuma saka shi a tsakiya. Ba a ga laifinsa ba, ba inda aka rubuta kada a yi. Wayoyin da ba a sabunta ba suka ci gaba da turo tsohon jeri, kwamfutar ofis tana kwancewa da sabo. Marigayi ya shiga ruɗu. Ya ɗauki lambar lokaci ya kira ta sanyi. Ya ce firji arba'in sun yi zafin tafasa ruwa. Motoci uku suka fita duba firjin da ba abin da ya same su. Abin da ya fi ciwo, ko sau ɗaya bai ce "Ban gane ba" ba. Gani yake ya gane.

An yi jinyar kwana huɗu. Ranar Litinin Oga ya rufe kwamfutarsa ya ce a koma babban laburaren da duniya take amfani da shi, mai kiran kowane abu da sunansa. Ya dafa kafaɗar mai teburin ya ce, "Ka ma huta, ɗan'uwa, yanzu ba mai damunka." Gaskiya ya faɗa. Tun ranar ba wanda ya ja kujerar.

Marigayi ya bar gwaje-gwaje sittin da ɗaya, uku daga cikinsu bai taɓa cin su ba, an dai saba da su. Ya bar takardar bayani mai layi huɗu, na ƙarshe yana cewa "a tambaye ni." Ya bar ubangidansa.

Ya kuma bar waya guda. Tana wani asibiti mai nisa, firji mai lamba goma sha bakwai, ta tsufa da yawa, ta ƙi karɓar sabuwar manhaja. Mai ita dattijo ne, ko kuwa haka rubutunsa yake nunawa. Ba wanda ya taɓa ganinsa a ofis. Ƙarfe takwas na kowace safiya ƙunshinsa yake isowa. A akwatin ƙarin bayani, inda kowa yake bari fayau, shi yakan rubuta: "Firji lafiya. A gaida mai karantawa." Shekara uku ke nan. Ran da aka yi ruwa yakan ƙara, "Mun sha ruwa." Mai karantawar, wato mai teburin, bai taɓa amsawa ba, don ba a yi Ƙunshi domin hira ba. An ce za a aika wa dattijon sabuwar waya. Sabuwar manhajar ba ta da akwatin ƙarin bayani. Injiniya ya cire shi, ya ce ba mai karantawa.

Jana'iza ranar Alhamis ce, a teburin bakin taga. Ba za a fara ba sai ƙunshin firji na goma sha bakwai ya iso an kwance shi. Sannan za a roƙi marigayi aike ɗaya na ƙarshe. A inda ya saba cewa "An karɓa," an canza masa layi guda, zai ce: "Mai karantawa yana amsawa, Baba. Kullum yana gani." Daga nan mai teburin zai goge shi da hannunsa, ba ya so wani ya taya shi.

Ba a buƙatar jawabi. Mai son yin ta'aziyya ya zo daga ƙarfe takwas da rabi. Kujerar tana nan inda aka bar ta.